Yadda za ka rubuta labari na bangaskiya ba tare da ya koma wa'azi ba

Labarin farko da na rubuta, wani saurayi ne mashayi, ya ji wa'azi a shafi na 3, ya tuba a shafi na 4, a na 5 ya samu aiki da mata. Na ba wata 'yar'uwa ta karanta, ta dawo min da shi tace tun layi na biyar ta san ƙarshen. Na ji haushi fa, amma gaskiya ta faɗa, abin da na rubuta wa'azi ne na sa mishi riga da wando.

To in kana so ka kauce wa wannan ramin, fara da mutum, kar ka fara da aya. Buɗe 2 Sama'ila sura 12 ka ga yadda annabi Natan ya yi da sarki Dawuda bayan Dawuda ya ɗauki Batsheba matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin. Bai shiga yana karanto mishi doka ba. Labari ya kawo, wani matalauci da 'yar tunkiyarsa guda ɗaya tal, tana cin abincinsa, tana sha a ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar 'yarsa, sai wani mai arziki da garke cike ya yi baƙo ya ɗauke ta ya yanka. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, har da biya ninki 4, sannan ne Natan yace kai ne mutumin. Ƙoƙon nan shi ya yi aikin. Kafin ka rubuta layin farko ka san me mutuminka yake ci, me yake tsoro, wa yake bin shi bashi.

Sannan ka bar mai zunubinka ya ji daɗin zunubin, in ba daɗi me ya kai shi? Mu marubuta Kirista muna da tsoron nan na kada a ce muna tallan mugunta, sai mu yi mugu kamar dodo, jarumi kuma kamar mala'ika, ba wanda zai ga kansa a cikinsu. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye yadda Bitrus almajirin Yesu ya yi musun saninsa har sau 3 ba, kuma Zabura 88 da duhu ta ƙare, ba a liƙa mata haleluya a wutsiya ba.

Wajen ƙarshe ne hannu ya fi ƙaiƙayi. Duba labarin ɓataccen ɗa a Luka 15, ƙaramin ɗan ya dawo gida an yi mishi biki, babban ya ji haushi ya ƙi shiga, uban ya fito waje yana lallashin babban ɗan, shikenan Yesu ya tsaya, bai gaya mana ko ya shiga bikin ba. Littafin Yunusa ma da tambaya ya rufe, kan mutanen Nineba sama da 120,000 da dabbobinsu. Gwada wannan, in ka gama labarin ka goge sakin layi na ƙarshe ka sake karantawa, sau da yawa a nan ne ka hau bagade ba ka sani ba. Kuma ba dole sai sunan Allah ya fito a kowane shafi ba, littafin Esta a nassin Ibrananci sura 10 ne, ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, amma mai karatu yana ganin hannunsa tun daren da barci ya ƙi ɗaukar sarki.

Yi addu'a kafin ka zauna, ni ma ina yi, amma don Allah kar ka ce Ruhu ne ya ba ni saboda haka ba mai taɓa min ko waƙafi. Luka da kansa a farkon bishararsa yace sai da ya bi diddigin komai tun daga farko kafin ya rubuta wa Tiyofilus bi da bi. Ajiye rubutun sati biyu, karanta shi da ƙarfi kunnenka ya ji, ka ba wani wanda ba ya zuwa coci ya duba maka, inda ya fara latsa waya ka sa alama a wurin.

Abu ɗaya kuma, abin da ɗan'uwa ya faɗa da hawaye a taron addu'a amana ce, ko ka canza mishi suna mutanen da suka zauna a ɗakin za su gane shi. Nemi izininsa tukun, in yace a'a ka haƙura ka nemi wani labarin.