Yadda za ka sa wa jaruminka sunan dangi a Dungeons & Dragons, wasan da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari

1. Fara tambayar mai jan ragamar wasan a wace irin ƙasa labarin zai gudana.

2. Zaɓi tushen sunan. Sana'a ta fi sauƙi: a Ingila Smith maƙeri ne, Miller mai niƙa. Akwai sunan uba, irin na mutanen Ayislan, masu ƙara "son" ga namiji, "dóttir" ga mace. Akwai kuma gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Ni na fi son wannan, don da jin gari abokan wasa za su tambayi me ya raba jarumin da gida.

3. Furta sunan sau uku. In harshenka ya harɗe, sauya shi.

4. Rubuta shi da fensir a takardar jarumin, bayan sunan yanka.