Kurakuran da aka fi yi wajen sayen madubin saitin bindiga na hannu

Yawancin masu neman madubin saiti a nan Kaduna doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi na .22 suke da ita, ko bindigar iska, don maganin gafiya a gona ko farautar zomo. Kafin komai, dokar makamai ta 1959 ta ce riƙe ko wacce daga cikin biyun sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Da mai takarda nake magana.

Kuskuren da na fi gani shi ne cinikin biri a sama. A turo wa mutum hoto ta WhatsApp, ya ga an rubuta Leupold ko Bushnell a jiki, sai ya tura kuɗi. Jabun waɗannan sunaye sun cika duniya, kuma hoto ba ya nuna cikin gilashi. Wanda ya saba ɗaga rigar gwanjo ga rana a Kasuwar Barci ya san abin yi: ka riƙe madubin da hannunka, ka haska tocilan ta babban bakin. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta damina. In ka ga raɓa daga ciki, iskar naitirojin da aka ɗura masa ta tsere, kuma duk safiyar da aka yi sanyi hazo za ka riƙa gani. Ka girgiza shi kusa da kunne. Abin da ya yi ƙaras-ƙaras, ajiye shi. Ƙananan ƙarce a fenti ba komai ba ne, har ma hujjar neman ragi ce. Amma lotsawa a inda zoben da ke ɗaure madubi a kan bindiga ya kama bututu alama ce an ɗaure shi da ƙarfin tsiya, kuma wataƙila kayan ciki sun ji jiki.

Sai son manyan lambobi. Mutum ya ga 6-24x50 (wato mai ninka girman abu sau 6 zuwa 24, mai babban baki milimita 50) ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali abin da zai harba bai wuce yadi 50 ba. Nauyi kawai ya saya, ga rawar hannu da madubin zai ninka masa, ga wahalar gano zomo a cikin ciyawa saboda filin da yake gani ya tsuke. 4x32 ko 3-9x40 ya ishi .22.

Akwai wani kuskure ɓoyayye da ke sa mutane zargin harsashi ko bindiga a banza. Madubin da aka yi wa manyan bindigogi galibi an daidaita shi ne a yadi 100, na .22 kuwa a yadi 50. In ka ɗora na farko ka auna abu a kusa, kaucewar ido kaɗan daga tsakiya sai gicciyen saitin da ke cikin madubin ya bar wurin da ka sa shi, ka harba ka kuskure ba ka san dalili ba. Gwajin ba wuya. Ka ajiye madubin a kan buhu ko tebur, ka saita shi kan wani abu mai nisan da ka saba harbi, sannan ka motsa kanka sama da ƙasa ba tare da ka taɓa shi ba. In gicciyen yana yawo a kan abin, ka nemi wani, ko wanda aka rubuta AO a jikinsa, mai zoben daidaita nisa a gaba.

Maganar zobe a taƙaice: kaurin bututu galibi ko dai inci 1 ne ko milimita 30, kwarmin saman bindiga kuma akwai mai milimita 11, akwai mai 3/8 na inci. Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Ka auna naka tun daga gida.

Masu bindigar iska mai sifirin, ku yi hattara. Bugunta baya da gaba yake yi, kuma yana kashe madubin da ba don ita aka ƙera shi ba, ko da a kan .22 lafiya lau yake aiki.

Kada kuma ka biya duka kuɗin kafin ka gwada maɓallan saiti. Ka nemi mai kaya ya ba ka kwana biyu. A mafi yawan madubai, juyin maɓalli ƙas huɗu na matsar da harbi inci 1 a yadi 100, wato rabin inci a yadi 50. Ka harba uku a takarda, ka juya ƙas 16 sama, 16 dama, 16 ƙasa, 16 hagu, kana harbi a kowace kusurwa. In na ƙarshe bai koma kan na farko ba, mayar masa da kayansa.

Wani abu da ke ba ni takaici shi ne ganin mutum ya dace da madubi mai kyau, hunturu ya zo, ya sa bakin riga ya goge ƙura. Ƙurar nan yashi ce, tana kankare rufin gilashin. A fara hure ta, sannan a bi da tsumma mai laushi irin na tabarau.