Darasi na 7: Buɗe Gidan Mafaka Ga Matan da Ba Su da Wurin Kwana

Matan da ke kwana a tasha, bakin kasuwa ko barandar shago ba matsalarsu ɗaya ba. Akwai wadda aka saka kuma iyayenta sun rasu, akwai wadda duka ya koro, akwai 'yar gudun hijira. Kafin ku nemi ko sisi, ku yanke shawara: wa za ku karɓa, kuma na wata nawa? Mai taɓin hankali asibiti take buƙata. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, a sanar da ma'aikatar mata ta jiha kafin ta kwana biyu a hannunku.

Rajista

A Najeriya, hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ce ke yi wa ƙungiyar da ba ta neman riba rajista, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da kundin tsarin mulki, da sanarwa a jaridu biyu. Sai a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Bayan nan ku karɓi takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, domin banki zai tambaye ta kafin ya buɗe muku asusu. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu. Kuɗin taimako ya shiga asusun shugaba, zargi ya shigo ke nan.

Unguwa

Nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. Maƙwabta suka ga baƙin mata na shiga da fita, ba miji ba uba, za a ce gidan masu zaman kansu ne, kuma tsegumi ya fi takardar rajista saurin yawo. Ku gaida mai unguwa, liman da DPO, da Hisba inda take, tun kafin ku biya haya. Ku nemi dattijuwar da unguwa ke ganin girmanta ta zama uwar gida, tana kwana a ciki. Mai gadi namiji iyakarsa zaure. Kada a kafa allo a ƙofa, domin wanda aka gudo wa yana nema.

Gida da ciyarwa

Ku fara da mata shida zuwa takwas, kuna lissafi da goyo da 'yan yara. Mafi ƙarancin ma'aunin masu aikin agaji shi ne lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, wato mutum 12 jarka tara ta lita 20, ban da yawan wankin jarirai. Kowa da katifa, gidan sauro da akwati mai makulli. Kada ku buɗe sai da kuɗin hayar shekara da abincin wata shida a hannu. Sadaka takan yi yawa da azumi, bayan salla ta ja baya. Ku nemi masu ba da kaɗan duk wata, ku kuma tuntuɓi hukumar zakka da waƙafi ta jiharku.

Ranar karɓa

A ba ta ruwa, abinci da wurin wanka kafin tambaya. Bayaninta ya shiga littafin da ake kullewa, kuma ba a ɗaukar hotonta don neman tallafi. Idan fyaɗe ne, a kai ta asibiti cikin awa 72 don maganin kariya daga ƙanjamau. A Kano akwai cibiyar Waraka, a Kaduna cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Idan safararta aka yi, a kira NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Fita

Gidan da ba a tsara fita ba, yakan cika, ya daina karɓar kowa. Tun makon farko a rubuta da ita inda ta dosa: sana'a da ɗan jari, kuɗin mota zuwa dangi, ko kotu don haƙƙin ciyar da yara. Idan mijinta ko wanta ya zo biko, a gana da shi a wajen mai unguwa, kuma ba a mayar da ita sai da yardarta. Bayan ta fita, a leƙa ta duk wata har sau uku.

Aiki

Ku lissafa ruwan da mata takwas da yara biyar za su buƙata a mako guda.