Yadda mai goyon baya zai auna shawarar ƙungiyarsa kan riƙe ɗan wasa ko rabuwa da shi

Tsakanin Fabrairu da Maris na 2020, masoya wasanni a birnin Boston na Amurka sun rasa fitattun 'yan wasa biyu. Ƙungiyar besbol ta Red Sox ta miƙa Mookie Betts ga Los Angeles Dodgers, shi kuma Tom Brady ya bar New England Patriots, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da ya yi wa kaka 20 ya kuma ciyo mata kofin Super Bowl sau 6. Shekara ba ta zagayo ba sai da kowannensu ya ɗaga kofi a sabon gidansa: Betts a Oktoba 2020, Brady kuma a Fabrairu 2021 tare da Tampa Bay Buccaneers. Da yawa daga cikin magoya baya sun haɗa al'amuran biyu sun yi musu kuɗin goro, alhali ba ciwo ɗaya ba ne. Duk wanda ke son ya yanke wa shugabannin ƙungiyarsa hukunci na adalci, akwai abubuwan da ya kamata ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara da dokar kuɗi ta gasar, domin a nan bambancin yake. A gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka akwai iyakar albashi da aka gindaya wa kowace ƙungiya, kuma babu mai tsallake ta komai arzikin mai ƙungiyar. A kakar 2020 dala miliyan 198.2 ce. Idan aka ba ɗan wasa guda kaso mai tsoka, dole a rage wa wasu ko a sallame su. A gasar besbol ta MLB kuwa babu irin wannan iyaka. Abin da ke akwai haraji ne da ake ɗora wa ƙungiyar da albashinta ya haura wani adadi, wanda a 2020 ya tsaya a dala miliyan 208. Ana biyan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya haura a karon farko, kashi 30 idan an maimaita a shekara ta biyu, kashi 50 a ta uku, kuma idan ƙungiya ta sauka ƙasa da adadin na kaka guda sai lissafin ya koma farko. Dokar NFL katanga ce, ta besbol kuwa shingen karɓar haraji ne, wanda mai kuɗi zai biya ya wuce abinsa. Red Sox ta biya harajin a 2018 da 2019, saboda haka ta shiga 2020 tana fuskantar mataki na uku. Idan shugaban ƙungiyar NFL ya ce ba shi da wurin saka albashin wani, ana iya duba lissafi a gaskata shi. Idan na besbol ya faɗi haka, abin da yake nufi shi ne mai ƙungiyar ya zaɓi kada ya biya, wanda zaɓi ne da ake iya kare shi, amma bai kamata a kira shi dole ba.

Daga nan sai ka duba shekarun ɗan wasan da abin da ya rage a kwantiraginsa. A besbol ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiya sai ya cika shekara 6 a babbar gasa. Betts yana da shekara 27 a lokacin, ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa na rukunin American League a 2018, shekarar da Red Sox ta yi nasara a wasa 108 ta kuma ɗauki kofin World Series, sannan kaka ɗaya ce ta rage masa, a kan albashin dala miliyan 27. Fargabar shugabannin ita ce ya tafi a ƙarshen kakar ba tare da sun samu abin kirki ba. Wannan fargaba tana da tushe, sai dai Dodgers ta nuna cewa ana iya shawo kansa, domin a Yuli 2020 ya sa mata hannu a kan shekara 12 da dala miliyan 365. Shi kuwa Brady yana da shekara 42, kwantiraginsa ya ƙare, kuma da ƙafarsa ya tafi. Ba a sayar da shi ba. Har ma bayan tafiyarsa sai da aka lissafa wa Patriots dala miliyan 13.5 a cikin iyakar albashinta na 2020 da sunansa, saboda a NFL ana rarraba kuɗin sa hannu a kan shekaru, abin da bai riga ya shiga lissafi ba kuma yakan faɗo gaba ɗaya idan an rabu. Wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin yadda ƙungiya ke kukan ƙarancin kuɗi bayan ta rabu da mai babban albashi.

Yawan gurabe ma yana da nasa tasiri, ko da yake ba sai an daɗe a kansa ba. Ƙungiyar NFL takan tara 'yan wasa har 90 a sansanin atisaye, sannan ta zaftare su zuwa 53 kafin a fara kaka. A besbol 26 ne ke cikin tawagar da ke buga wasa, a cikin babban jeri na mutum 40. Duk wanda aka shigo da shi, wani ne aka fitar.

Abu mafi wahala ga mai goyon baya shi ne haƙurin jira kafin ya auna abin da aka samu a madadin wanda ya tafi. A Satumba 2003, ana saura 'yan kwanaki a fara kaka, koci Bill Belichick ya sallami Lawyer Milloy, ɗaya daga cikin jagororin masu tsaron bayan Patriots, kan taƙaddamar albashi. Milloy ya koma Buffalo Bills, wadda a wasan farko ta lallasa Patriots da ci 31 da nema. Wanda ya yanke hukunci a ranar zai ce kocin ya tafka kuskure, amma ƙungiyar ta ƙare kakar da nasara 14 da rashin nasara 2, ta kuma ɗauki Super Bowl. Haka a Yuli 2004 Red Sox ta rabu da Nomar Garciaparra, wanda mutanen gari ke matuƙar ƙauna, bayan wata uku kuma ta ci kofin da ta yi shekara 86 tana nema. Cinikin Betts bai yi irin wannan ƙarshe ba. An karɓo Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. An cire Downs daga jeri a Disamba 2022, an tura Verdugo New York Yankees a Disamba 2023, Wong ne kawai ya zauna a matsayin mai tarar ƙwallo a bayan mai bugu. Ka kuma lura da wanda aka haɗa a cikin cinikin: David Price, mai jifa da ke da babban albashi, wanda Red Sox ta yarda ta ci gaba da biyan rabin abin da ya rage masa. Duk lokacin da ka ga an jingina tsohon kwantiragi mai nauyi a jikin matashin gwarzo, to sauke nauyin kuɗi ne a gaba, ƙarfafa tawaga yana baya.

A batun Brady, ni a ganina ba rabuwar ce abin zargi ba, domin a tarihin wannan wasa da wuya a samu mai jagorantar kai hari irinsa da ya ci gaba da haskakawa bayan shekara 42, kuma ba adalci ba ne a hukunta mutum da abin da babu wanda ya hango. Tambayar da ta dace ita ce wane tanadi aka yi. Patriots ta riga ta miƙa Jimmy Garoppolo, wanda ake yi wa kallon magajinsa, ga San Francisco 49ers a Oktoba 2017. Da Brady ya tafi, sai tsakiyar shekara aka ɗauko Cam Newton ya maye gurbinsa, aka ƙare da nasara 7 da rashin nasara 9, karon farko tun 2008 da ƙungiyar ta kasa kaiwa zagayen sili ɗaya ƙwale. Mac Jones, mai jagorantar kai hari da aka ɗauko na 15 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021, ya fara da ƙafar dama, amma a 2024 aka tura shi Jacksonville, shekarar da Belichick ma ya bar aikin.

Sannan ka bincika wanene ainihin mai yanke shawarar, domin ba kullum ne wanda ke magana da 'yan jarida ba. Chaim Bloom, shugaban harkokin 'yan wasa na Red Sox a lokacin, shi ne ya ƙulla cinikin Betts, shi ne kuma ya sha suka, amma a Oktoba 2019 aka ɗauke shi aiki, bayan masu ƙungiyar sun riga sun bayyana burinsu na sauka ƙasa da adadin haraji. A Satumba 2023 aka sallame shi. Jagoran masu ƙungiyar, John Henry, ba baƙo ba ne ga masu kallon gasar Firimiya ta Ingila, domin kamfaninsa na Fenway Sports Group ne ya mallaki Liverpool tun 2010, kuma magoya bayanta ma sun sha tafka irin wannan muhawara kan sabunta kwantiragin manyan 'yan wasa.

Domin bin waɗannan abubuwa yadda ya kamata, yana da kyau ka san lokutan da ake yanke shawarwarin. A NFL kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare tana buɗewa a tsakiyar Maris, zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i mai zagaye 7 yana zuwa a ƙarshen Afrilu, zaftarewa zuwa 53 kuma a ƙarshen Agusta. A besbol ana rufe musayar 'yan wasa a wajajen ƙarshen Yuli, a Nuwamba kuma ƙungiyoyi ke tantance matasan da za su saka a jerin mutum 40 don kada wasu su ɗauke su a Disamba. Alƙaluman albashi a gasannin biyu suna fitowa a kafafen labarai, saboda haka kafin kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta kana iya rubuta albashin manyan 'yan wasan ƙungiyarka, da shekarun kowannensu, da kakar da kwantiraginsa zai ƙare, ka kwatanta jimillar da iyakar albashi ko adadin haraji na shekarar.