Me za a ci kafin tiyatar zuciya, me kuma za a bari

Tun da aka yi wa ƙanwata aikin zuciya mutane ke ta tambayata, wasu a waya wasu a gidan biki, wai me muka dinga ba ta kafin aikin, me aka hana ta, shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta. Bawul ɗin zuciyarta ne ya lalace, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa tana rufewa don jini ya wuce, irin wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ke jawowa in ba a yi maganinsa da kyau ba, kuma bai nuna kansa sosai ba sai da ta yi haihuwar fari. Ni na yi jinyarta tun daga ranar da aka ce sai an yi aiki har aka sallame mu, to abin da na gani da wanda likitoci suka koya mana shi zan faɗa.

Bari in fara da abin da ya fi yi min ciwo. Ranar farko da aka sa mata, an gama komai, an tanadi jini, an ce kar ta ci komai daga 12 na dare. Da asuba na fita alwala, kafin in dawo Goggonmu ta buɗe fulas ta tsiyaya mata koko a kofi tana cewa "sha 'yar nan, ya za a yi a shiga da ke cikinki wayam, ai koko ba abinci ba ne". Ta kurɓa kamar rabin kofi. Da likitan sa barci ya zo yana tambaya me ta ci na ƙarshe kuma ƙarfe nawa, ita ta faɗi gaskiya, nan take aka ɗage aikin. Goggo ta yi kuka har ta ba ni tausayi, don wallahi so ne ya sa ta, amma mun ƙara kwanaki a asibiti da kuɗin gado da fargaba sabuwa fil.

To ku ji dalili, don in mutum ya gane dalili ba zai yi gardama ba. In aka sa wa mutum maganin barci na tiyata, duk abin nan da jiki ke yi da kansa na tari da haɗiya da toshe hanyar numfashi in abu zai wuce, duk yana kwantawa. In akwai abinci a ciki zai iya tasowa ya gangara huhu, ga shi haɗe da ruwan ciki mai tsami da ke ƙona huhun. Wani likita a Amurka mai suna Mendelson tun 1946 ya yi bayanin wannan a kan mata masu haihuwa da aka sa wa maganin barci. Ka ga mutumin da za a buɗe wa ƙirji, a ɗora shi a kan injin da ke yin aikin zuciya da huhu na wasu awanni, ina shi ina ciwon huhu a kai.

Ƙa'idar da likitocin sa barci suka fi bi ita ce, abinci marar nauyi a daina awa 6 kafin aiki, in mai maiƙo ne ko soyayye ko nama awa 8, ruwa garai kuma ana iya sha har zuwa awa 2 kafin a shiga. Jariri nonon uwa awa 4, madarar gwangwani awa 6. Amma asibitoci da yawa cewa suke daga 12 na dare a rufe baki gaba ɗaya, to abin da naku asibitin ya faɗa shi ne doka, kar ka je kana musu da nas wai ka karanta a intanet. Inda muke samun matsala mu Hausawa shi ne kalmar "ruwa-ruwa". Ruwan da suke nufi shi ne wanda in ka ɗaga kofin gilas za ka hango bayansa, ruwa zalla, ko baƙin shayi ba madara. Koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, fura, nono, shayi da madara, duk abinci ne a wurinsu. Dabino ma abinci ne ko ƙwaya ɗaya ce, goro haka, alawa haka. Zamzam ruwa ne, to agogon ruwa ya hau kansa, in lokaci ya wuce a shafa mata a fuska da ƙirji a yi addu'a, rubutun sha kuma a tambayi nas tukunna kar a ɓoye a ba da a bayan labule.

Wancan na daren ƙarshe ne. Ainihin aikin kuwa yana makonnin da suka gabace shi, kuma a nan yawancinmu baibai muke yi. Da an ce mutum na da ciwon zuciya sai a hana shi komai, kar ya ci nama kar ya ci ƙwai kar ya ci mai, a bar shi da koko safe da yamma har ya rame ya zama kamar a hure shi ya faɗi. Alhali ƙashin ƙirji za a raba, kuma ƙashi da tsoka ba sa haɗewa sai da abin gina jiki, wato furotin. Mai kula da abinci a asibiti ta yi mana lissafi cewa ana son kamar giram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyin mutum kullum, mai kilo 60 kenan yana neman giram 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne, yankan kifi kamar tafin hannu wajen giram 20, ka ga ba abu ne da koko zai cike ba. Sai dai mai ciwon ƙoda, shi lissafinsa daban ne, likita zai faɗa masa.

Mu dai ga yadda muka yi, kuma ba wani kuɗi na tashin hankali muka kashe ba. Da safe dafaffen ƙwai biyu da alale na turare ba mai da yawa, ko kunun gyaɗa da ɗan suga kaɗan. Da rana shinkafa da wake, waken ya fi yawa, ko faten wake da alayyafo, ko dankalin Hausa da miyar kifi. Da dare tuwo ɗan malmala guda da miyar kuɓewa da kaza an cire fatar. Tsakani kuma kindirmo na gida da muka tafasa madarar da kanmu, ko awara amma a dafa ta a miya maimakon a tsoma ta a mai. Da yake numfashinta na sama-sama ba ta iya cin da yawa a zama ɗaya, sai muka raba mata sau biyar ko shida a rana kaɗan-kaɗan, ina zaune gabanta da cokali tana "Yaya na ƙoshi" ina "ƙara loma biyu dai".

Gishiri shi ne babban yaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kar ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma wannan har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Gishiri na riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuma ba ta iya tura shi, sai ƙafa ta kumbura huhu ya cika mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Mutane suna rage farin gishiri su ce sun yi ƙoƙari amma su marmasa magi huɗu a tukunya, alhali shi ma gishirin ne. Yajin tsire, kilishi, balangu, dambun nama na sayarwa, garin da ke cikin ledar indomi, kifin gwangwani, duk a jingine su. Sai kanwa, wadda mutane ba sa kawo ta a lissafi sam, ita ma cike take da sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da kumburin zuciya da mata ke yi bayan haihuwa. To ɗanwake da waken da aka jefa wa kanwa don ya yi saurin nuna a haƙura da su, a jiƙa waken tun dare zai dahu ba kanwa. Tukunyarta daban muka dinga yi, albasa da yawa, tumatir, tattasai, daddawa, a matsa lemon tsami a kan kifi, satin farko ta yi ta mita daga baya harshenta ya saba.

Ruwan sha ma in likita ya ƙayyade a bi. Ita lita ɗaya da rabi aka ce, wato fiya wata leda uku, kuma a ciki ake lissafa shayi da kunu da romo da kankana. Da zafin Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne, mun dinga ba ta ƙanƙara ƙanana tana tsotsa. Kullum da safe a hau sikeli, in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne, a kira likita.

Jini kuma, in an auna an ce ya yi ƙasa a ɗauki maganin da aka rubuta da gaske, abinci kaɗai ba zai cike shi cikin sati uku ba, amma yana taimakawa, jan nama marar kitse, ɗan hanta sau ɗaya a sati, wake, ganye. A haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba, mu 'Yan Lemo muke saro su ya fi sauƙi, don suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe da ke cikin abincin, shayi kuwa hanawa yake, a bar kamar awa ɗaya tsakaninsa da abinci. Maltina da madara da ake cewa na ƙara jini, suga ne kawai ya yi yawa a ciki. Mai ciwon suga ya ƙara kula ninki biyu don suga in ya hau yankan da aka yi a ƙirjin ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun wurin zama, lemon kwalba da zuma da dabino barkatai duk a ja musu birki.

Yanzu ga wanda 'yan dubiya ba sa son ji. Kowa zai zo da nasa, wannan jiƙo daga Kasuwar Kurmi, wancan garin tafarnuwa da zuma, wata man habbatus sauda, wani ƙwayar ƙarin kuzari da aka kawo masa daga Saudiyya. Ku karɓa ku yi godiya ku ajiye. Shawarar likitocin sa barci ita ce a daina magungunan ganye da na ƙarin kuzari kamar sati 2 kafin aiki, saboda wasu irin su tafarnuwa da citta in an sha da yawa a matsayin magani suna iya hana jini daskarewa, wasu kuma suna rikici da maganin barcin ko na hawan jini. Wadda aka jefa a miya ba ita ake nufi ba. Zoɓo ma yana saukar da hawan jini, ga kuma ƙwayoyin da mutum ke sha, to a tambaya kafin a mayar da shi ruwan sha. Garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, na rikici da wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini, a bar shi kawai. Mu leda muka samu muka zuba duk abin da take sha, na asibiti da na gida har wanda muke jin kunyar nunawa, muka juye a teburin likita, bai yi faɗa ba, ware su ya yi gida biyu.

Mai shan wafarin, wato maganin tsinka jini, ya san cewa ganye irin zogale da alayyafo da kabeji suna da bitamin K mai rage masa ƙarfi. Ba cewa aka yi a daina ci ba, a dai ci daidai yadda aka saba, kar yau a cika kwano da kwaɗon zogale sannan a yi sati ba a taɓa ba. Shi wafarin galibi ana tsayar da shi wajen kwana 5 kafin aiki, wasu a koma musu allura, asfirin kuma wasu ana barinsu su ci gaba, to kar wanda ya tsayar ko ya ci gaba da ra'ayin kansa, a sa likita ya rubuta a takarda wane magani za a daina ran yaushe, wanne za a sha da safiyar aikin da kurɓin ruwa. Ayaba da ruwan kwakwa ma a tambaya don suna da sinadarin fotashiyam da yawa, mai shan Lasix, wato maganin sa fitsari mai rage ruwan jiki, fotashiyam ɗinsa na iya sauka, amma akwai wasu magungunan zuciyar da ke ɗaga shi, gwajin jini ne zai raba gardama.

Satin ƙarshe muka daina sayen komai a titi, ba fura da nono na talla, ba salak ɗin bakin hanya, ba kankanar da aka yanka aka bari a tire, don gudawa ko zazzaɓi kaɗai ya isa a sake ɗage aikin. Sigari da shisha tun sati 4 ko fiye ya kamata a ce an watsar. In lokacin ya faɗo cikin azumi, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, a sha a rama daga baya.

Da aka sake sa mana rana, abincin darenta farar shinkafa ce ɗan kaɗan da dafaffen kifi da miyar tumatir marar mai, wajen 7 na yamma, ba soye ba tuwo mai nauyi. Na rubuta lokacin a bayan katin asibiti don kar in ruɗe in an tambaye ni. Na kwashe fulas da kuloli da ledar dabino duk na ba direba ya mayar gida, mai suga kuwa in ya ji jiri ko rawar jiki ko gumi cikin dare nas za a kira ta auna, su suna da yadda suke ba da suga ta ƙarin ruwa. Goggo ce ta ce ita za ta kwana a bakin gadon, duk wanda ya leƙo da kwano ita ke tare shi tun daga ƙofa, da asuba leɓen ƙanwata ya bushe sai ta jiƙa auduga ta goga mata tana karanta mata Ayatul Kursiyyu har masu turo gadon suka zo.