Yadda ake gane tsutsar da ke cin murjanin Acropora a tankin ruwan gishiri da yadda ake kawar da ita

Cikin ƙwarin da ke addabar masu kiwon murjani (halittar teku mai rai da ke gina ƙashi mai tauri kamar dutse) a tankin ruwan gishiri, kaɗan ne suka kai shimfiɗaɗɗiyar tsutsar nan da masana ke kira Prosthiostomum acroporae wuyar sha'ani. An fara bayyana ta a kimiyyance a shekarar 2011 da sunan Amakusaplana acroporae, kuma ba ta cin komai sai naman murjanin Acropora, wani nau'in murjani mai rassa. Tsawonta yawanci 'yan milimita ne, jikinta a baje yake, tana manne wa murjanin ƙam, sannan launin abin da ta ci yana bayyana a jikinta, shi ya sa ido ba ya saurin kama ta.

Saboda haka ɓarnarta ake fara nema kafin a neme ta. Murjanin zai fara dushewa, ƙananan bakunansa su daina buɗewa kamar da, naman gindinsa kuma ya riƙa zagwanyewa yana barin farin ƙashi. Waɗannan alamu su kaɗai ba hujja ba ne, domin rikicewar sinadaran ruwa ma tana kawo su. Abin da ke tabbatar da zargi shi ne ƙananan tabo farare masu zagaye, kamar milimita ɗaya kowanne, a ƙarƙashin rassa inda haske bai cika kaiwa ba, da kuma tarin ƙwai masu launin ƙasa-ƙasa manne a kan ƙashin da nama ya bari. A ciro murjanin a sa shi cikin farin kwano da ruwan tankin, a fesa masa ruwa da ƙarfi da bututun roba. Idan akwai tsutsar, za a ga ta faɗo tana motsi a gindin kwanon.

Magani yana farawa ne da kwashe dukkan Acropora zuwa wani tanki na killacewa, har da ɓawon murjanin da ya bazu a kan duwatsu, wanda dole a kankare shi, domin ɗan abin da aka bari ya isa ya ciyar da sauran tsutsotsin. Daga nan sai a tsoma kowane murjani cikin magani irin su CoralRx ko Revive, a kwano dabam, bisa ma'auni da mintunan da aka rubuta a jikin kwalbar, ana kaɗa ruwan ana fesawa tsakanin rassa. A ɗauraye shi da ruwan gishiri mai tsabta kafin a mayar, kuma kada ruwan maganin ya shiga tanki.

Inda mutane da yawa ke faɗuwa shi ne batun ƙwai. Maganin tsomawa yana kakkaɓe manyan tsutsotsi amma ba ya ratsa ƙwan, wanda ke ƙyanƙyashewa cikin kwana 10 zuwa sama da mako 3 gwargwadon ɗumin ruwa, ruwa mai ɗumi ya fi saurin ƙyanƙyasar da shi. Wanda ya tsoma sau ɗaya ya ga kwano cike da matattun tsutsotsi ya ɗauka ya gama, zai sake ganin tabon bayan 'yan makonni. Don haka a duba kowane gindi da tocila da gilashin ƙara girma, a kankare ƙwan da aka gani, ko a rufe wurin da gam. A ganina ya fi aminci a yanke lafiyayyen reshe daga sama, a ɗora shi a kan sabon mazauni, a jefar da tsohon gindin gaba ɗaya, ko da kuwa murjanin mai tsada ne. Sannan a maimaita tsomawar kowane mako har tsawon mako 6 zuwa 8, babban tankin kuma ya zauna babu Acropora a duk wannan lokaci don yunwa ta kashe abin da ya rage.

Akwai halittun da ke taimakawa. Kifin Pseudocheilinus hexataenia yana cin manyan tsutsotsin amma ba ya taɓa ƙwai, jatan lande nau'in Lysmata vittata kuwa yana cin duka biyun. Suna rage yawa ne kawai, ba sa maye gurbin tsomawa.

Kada a rikita wannan tsutsa da jar tsutsar Convolutriloba, wadda ake ganinta a fili a kan yashi da gilashi. Ita ba ta cin naman murjani, kuma maganin Flatworm Exit yana kashe ta, sai dai tana sakin guba idan ta mutu da yawa, don haka a zuƙe mafi yawanta da tiyo tukuna, a kuma tanadi gawayin tace ruwa da sabon ruwan canji. Wannan magani ba abin dogaro ba ne a kan tsutsar Acropora.