Kurakuran da Masu Babur Ke Yi Wajen Zaɓen Rigar Tuƙi

Akwai tabo a gwiwar hannuna ta dama, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Na same shi ne cikin watan Afrilu, wata ranar da zafi ya ishe ni na tuɓe jaket na ɗaure a bayan babur, na ci gaba da tafiya daga ni sai 'yar shara. Ban yi nisa ba akuya ta gifta, na taka birki a kan yashi, babur ya zame. Ba gudu nake ba, amma kwalta ta kwashe fatar kamar an feƙe rogo. Jaket ɗin da na ɗaure a baya ko ƙura bai sha sosai ba. Sati uku ana wankin ciwo, kuma duk wanda aka taɓa tsince wa tsakuwa daga cikin nama ya san abin da nake nufi.

Tun daga lokacin na gane cewa rigar tuƙi aiki biyu take yi: ta kare ka daga yanayi, ta kuma kare ka daga ƙasa. Kusan duk kurakuran da ke tafe daga wuri ɗaya suka fito, wato mutum ya tuna da na farko ya manta da na biyu.

Tuɓe riga saboda zafi

Wannan shi ne babba, don haka zan daɗe a kansa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan kai digiri 40, Sakkwato da Maiduguri kuwa sukan wuce haka. Mai babur sai ya ce bari ya rage kaya iska ta ratsa shi. To amma zafin fatar mutum bai wuce digiri 33 zuwa 35 ba. Matuƙar iskar waje ta fi fatarka zafi, ba sanyaya ka take yi ba, zafi take ƙara maka, kamar ka tsaya gaban zugazugin maƙeri. Ga shi tana busar da gumi tun bai gama aikinsa ba, sai jiki ya yi ta zubar da ruwa kai ba ka sani ba, tunda ba ka ga jiƙa a riga ba. Sai ciwon kai ya fara, ido ya yi nauyi, hankali ya rabu da hanya. Buzayen da ke ratsa hamada ba su taɓa tuɓewa don zafi ba, rufe jiki suke yi ruf, kuma sun fi mu sanin rana.

Gyaran shi ne jaket mai raga, irin wanda ƙirji da baya da cikin hannu duk saƙar raga ce, amma kafaɗa da gwiwar hannu an yi su da yadi mai kauri, an kuma sa makari a ciki, wato abin da ke tare bugu in ka faɗi. Ka nemi mai haske, toka-toka ko ruwan ƙasa, don baƙi zuƙar rana yake yi idan ka tsaya a danja. A ciki ka sa riga marar nauyi mai dogon hannu. Idan tafiyar mai nisa ce, ka jiƙa rigar cikin da ruwa kafin ka tashi. Iskar bazara busasshiya ce, tana ratsa ragar tana kwashe danshin a hankali, sai ka ji sanyi irin na ruwan randa. Bayan rabin awa ko awa ɗaya ta bushe, ka tsaya ka sake jiƙawa, ka sha ruwa. In azumi ake, ba dabarar da ta kai ka guje wa tafiya tsakanin sha biyu da la'asar.

Kar wani ya ce mini a cikin gari yake yawo, ba ya gudu. Nawa ciwon a gudun cikin gari na samu.

Ɗaukar kowace rigar fata a matsayin rigar babur

Ka shiga wurin 'yan gwanjo, a Ƙofar Wambai ta Kano ko Katako ta Jos, za ka ga jaket na fata rataye reras, baƙaƙe masu sheƙi. Da yawansu na kwalliya ne. An yi su da fatar tunkiya mai laushi, wasu ma ba fata ba ce, roba ce aka shafa a kan yadi, wadda bayan damina ɗaya za ta fara ɓarewa kamar bawon albasa. Fatar da ake yin rigar babur da ita yawanci ta saniya ce, kaurinta milimita 1.2 zuwa 1.4, tana da nauyi a hannu, kuma ba ta lanƙwasuwa cikin sauƙi tana sabuwa.

Idan ka ɗauki jaket, ka juya cikinsa. Ka duba ɗinkin kafaɗa da na hannu: na ƙwarai ninki biyu ne ko uku, akwai wanda ake ɓoyewa a ciki don kada kwalta ta ci zaren. Riga a ɗinki take fara fashewa, kuma idan ɗinki ya buɗe ƙarfin fatar ya tashi a banza. Sannan ka nemi lakabin da ke ciki. Tun 2020 Turai ta fitar da ma'aunin kayan masu babur mai lamba EN 17092, kuma rigar da ta ci jarrabawar tana ɗauke da ɗan hoton mutum a kan babur da harafi a ƙasa. Mai harafin A ita ce mafi sauƙi, ta zirga-zirgar gari. AA ta fi ta, ita ce daidai da mai hawa babbar hanya. AAA ce ƙololuwa, amma nauyi da zafinta sun yi wa bazararmu yawa. B tana jure gogar kwalta amma babu makari, C kuwa makarin kawai take riƙewa, ba ta hana ƙujewa. Yawancin rigunan da aka yi kafin 2020 ba za ka ga wannan lamba a jikinsu ba, kuma a cikinsu akwai nagari sosai, sai dai ka dogara da idonka da hannunka. Lakabi ma ana buga na jabu, don haka idan takarda ta ce AA amma yadin kamar na lema, ka yarda da hannunka.

Ni dai ba na ba mutumin Arewa shawarar fata a matsayin rigarsa ta farko. Wata biyu ko uku kawai za ta yi maka daɗi a shekara, sauran watannin a rataye za ta ƙare. Yadi mai ƙarfi irin Cordura ya fi dacewa da mu.

Soso a madadin makari

Ka sa hannu a aljihun da ke cikin kafaɗa ka zaro abin da ke ciki. Idan soso ne irin na katifa wanda yatsa biyu ke matsewa har su haɗu, ba abin da zai tare. Makari na gaske roba ce mai nauyi, an tsara ta da siffar gaɓar, kuma a jikinta an buga EN 1621-1 idan na kafaɗa ne ko gwiwa, EN 1621-2 idan na gadon baya ne, da lamba 1 ko 2. Mai lamba 2 ya fi shanye bugu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ko jaket mai tsada sau da yawa babu makarin baya a cikinsa, sai wani falle na soso da aka sa don riƙe siffa. Daban ake saye. A kayan gwanjo kuma ka lanƙwasa makarin ka gani, in ya tsattsage ko yana marmashewa ya tsufa, a canza shi.

Jibga kaya a hunturu

Da asubar Disamba da Janairu za ka ga mai babur ya sa riga uku, ya ɗora suwaita, ya naɗa rawani, amma yana karkarwa. Dalili kuwa duk abin da ya sa iska na ratsa shi. A Kano sanyin asuba yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, a Jos yakan yi ƙasa da 10. Idan ma'auni ya nuna 10 kana gudun kilomita 80 a awa, abin da jikinka ke ji bai fi digiri 4 ko 5 ba. Yatsu su sandare, kama birki ya zama aiki, kafaɗa ta ƙage har juya kai ya gagara.

Wani dattijo da ya shekara talatin yana kai madara gari a babur ya taɓa ganina ina hura hannu a bakin mai shayi. Ya ce, "Yaro, ba sanyi ke dukanka ba, iska ce. Tare ta." Ya buɗe rigarsa ya nuna mini kwalin da ya shimfiɗa a ƙirji. Na ce, "Baba, wannan ya isa?" Ya ce in gwada. Na gwada da tsohuwar jarida, kuma wallahi bambancin a fili yake. Ilimin da ke cikin dabararsa shi ne duk abin da kamfanoni ke sayarwa da tsada: hawa uku. Na jikin fata ya zama mai tsotse gumi ya bushe da wuri, ba auduga ba, don auduga in ta jiƙa sai ta riƙe sanyi. Na tsakiya suwaita mai riƙe ɗumi. Na waje wanda iska ba ta ratsawa. Mai jaket ɗin raga ba sai ya sayi wani ba, ya sa 'yar rigar tare iska marar kauri a ƙarƙashinsa, ko ya ɗora rigar ruwansa a sama. Da hantsi ya yi, rana ta buɗe, sai ya cire hawa ɗaya ya sa a jaka, makarinsa na nan a jikinsa. Wanda ya dogara da ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya, da ƙarfe sha ɗaya zai tuɓe ta ya koma ba kariya.

A kula da wuya da wuyan hannu, nan iska ke kutsawa. Abin rufe wuya ya zama gajere a cusa shi cikin riga, kada a bar jela tana kaɗawa. Safar hannu kuma ta fata, mai rufe wuyan hannu. Ta ulu iska na wucewa ta cikinta, kuma tana santsi a kan totur.

Sai hazo. Ranar da ƙura ta sauka, direban tirela ba ya hango mai baƙar riga sai ya zo dab. Riga mai ratsin da ke ƙyalli in fitila ta haska, ko 'yar falmaran mai ruwan ɗorawa a sama, kuɗinta kaɗan ne.

Rigar ruwa mai fuka-fuki

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta, kowa na neman abin da zai tare ruwa, sai a sayi irin burmemiyar ledar nan da ake zurawa ta ka ta rufe mutum da babur. A tafiyar ƙafa ba ta da laifi. A kan babur kuwa iska na cika ta tana fizgar ka gefe, tana rufe madubi da fitilar baya, bakinta na lilo kusa da sarƙa. Ka nemi mai riga da wando daban, ta ɗan fi jaket ɗinka girma don a samansa za ka sa. Ka duba cikin ɗinkin ko an manne shi da tef, ka duba ko akwai marfi a kan zif, don ta nan ruwa ke fara shiga, sai kuma tsakanin cinyoyi inda yake taruwa a kan kujera. Ƙafar wandon ta sauka a kan takalmi, kada a cusa ta ciki.

Akwai jaket da ake sayarwa da shafi na ciki mai hana ruwa, wanda ake cirewa da zif. Yana aiki, amma ka san cewa yadin waje zai sha ruwa ya yi nauyi, kuma kafin ka sa shafin sai ka tsaya ka tuɓe a bakin hanya, hadarin Agusta kuwa ba ya jira. Masu shafin hana ruwa irin Gore-Tex da aka manne da yadin waje sun fi, sai dai kuɗinsu na iya tasam ma kuɗin ƙaramin babur. Rigar ruwa ta sama da ke naɗe a ƙarƙashin kujera ta wadatar da yawancinmu.

In kaya sun jiƙa a shanya su a inuwa inda iska ke wucewa. Fata in aka gasa ta a rana ko kusa da wuta sai ta bushe ta tsage, in kuma aka cusa ta a jaka da danshi, kwana uku ta yi fumfuna.

Girman riga, da kayanmu na gida

Mun saba da kaya masu walawa, shi ya sa muke sayen jaket da ya fi mu. Makarin da ke yawo a cikin hannun riga zai goce daga gwiwa a daidai lokacin da ake buƙatarsa, riga mai faɗi kuma tana tattarewa sama in mutum na jan ƙasa, ta bar baya a buɗe. Wajen gwaji ka zauna kamar kana kan babur, ka miƙa hannu gaba. Hannun rigar ya kai wuyan hannu, bayanta ya rufe ƙugu, makari ya zauna a kan gaɓa ko ka girgiza. Ka gwada da suwaita a ciki, don hunturu na zuwa.

Babbar riga da doguwar jallabiya ba su da wuri a kan babur sai an tattare. Ranar Juma'a ko ɗaurin aure, ka ninke babbar rigar ka sa a jaka, in ka isa ka saka. Yadin roba mai sheƙi da ake yayi yana da wani haɗarin na daban: zafin gogar kwalta na narkar da shi ya manne a ciwo.

Wanda ke goyon iyalinsa kuma, nauyin dubawa a kansa yake kafin ya tayar da babur. Dogon hijabi da bakin zane da gyale suna shiga wayoyin tayar baya ko sarƙa cikin ƙiftawar ido, su fizgo mace ta baya, wani lokaci da jariri a goye. A tattare hijabin gaba ɗaya a ɗora a cinya, a zauna a kan abin da ya saura, kai kuma ka waiwaya ka gani da idonka cewa ba abin da ke lilo. Idan marfin sarƙar babur ɗinka ya cire, ka kai wa bakanike ya mayar kafin ka sake ɗaukar kowa.